Alkunyar Alhaji Ɗan Meksiko

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu na Lyon,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da dattawanka masu manyan riguna. Ni ce Hajiya Rabi mai gidan abinci a Goutte d'Or, Paris. Na rubuto a fili ne saboda ka daina ɗaukar wayata.

1. Bara wani saurayi ɗan Meksiko mai suna Mateo ya shigo shagona da tsohon hoto: uwarsa da wani Bahaushe ɗan kasuwa da ya aure ta, ya tafi ya bar ta da ciki. Na ba shi aiki. Shekararsa ashirin da huɗu, kuma yanzu ya fi ni iya tuƙa tuwo.

2. Da na aiko maka hoton, ka ce ba ka san kowa da ya taɓa zuwa ƙasar ba. Shugaba, mutumin da ke zama damanka a kowane taro, har yara a Vénissieux, nan gefen Lyon, Alhaji Ɗan Meksiko suke kiransa.

3. Na rufe shago, muka hau jirgin ƙasa muka zo. Mateo ya durƙusa ya gai da Alhaji Ɗan Meksiko da Hausar da ya kwana biyu yana haddacewa. Alhaji ya juya fuska yana latsa waya. Sai ka ce in fassara wa yaron cewa al'adarmu ce: uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kallonsa, ba ya faɗin sunansa. Na fassara, kuma har yau ina jin haushin bakina. Ni ma 'yar fari ce. Babana bai taɓa faɗin sunana ba, amma ya san ɗakin da nake kwana.

Abin da ya fi ci mini rai, Mateo ya yarda. Yana gaya wa masu cin abinci da alfahari cewa babansa ya ƙi kallonsa saboda tsananin so.

Roƙona ɗaya ne. Ku zaunar da Alhaji ya dubi yaron ya ce ɗansa ne ko ba ɗansa ba ne. In sunan ne ke ba shi kunya, ya ce masa "kai". In kun ƙi, ranar Juma'a zan gaya wa Mateo gaskiya da kaina.

Allah ya ja kwananku, ya sa 'ya'yanku su same ku duk inda suka neme ku.

Wassalam,
Hajiya Rabi