A Yi wa Ƙarfen Abdulmutalib Addu'a

Zuwa ga ƙanwata Maiturare,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Karaye, ya yaran?

Ina lafiya a Turai, sai ɗan sanyi da rashin abokin hira. Jikana Abdulmutalib, angon nawa, ya bar ni da talabijin ya tare wurin tauraron ɗan'adam da suke ƙerawa a wurin aikinsu. Wai ƙarfen da ke juya kyamararsa yake ɗiga wa mai, don in ya tashi sama ba mai binsa ya ƙara. Na ba shi man shanuna, ya ce daskarewa zai yi!

Yanzu suna gwada ƙarfen a ɗakin sanyi. In bai cije ba, zai samu hutu ya rako ni gida. Ki sa Malam ya yi wa ƙarfen nan addu'a. In ya yi dariya, ki ce na gaji da magana ni kaɗai.

Yayarki,
Hajo