Na auna ƙasar cikin gem, na ɓata wa 'yata rai

Malama, ki taimaka mini da shawara, don abin nan ya tsaya mini a rai, kuma kunyar faɗa wa abokaina nake ji. Idan suka ji ni da 'yata mun samu saɓani a kan wasan gem, sai sun shekara suna yi mini dariya. Ke ba ki san fuskata ba, shi ya sa na zaɓe ki.

Shekarata sittin da huɗu. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin safiyo, wato auna filaye da zana taswira, kafin na yi ritaya. Ni ban yarda da "kusan kaza" ba. In mutum ya ce mini daga nan zuwa can tafiyar minti goma ce, sai na tambaye shi da ƙafar wa. Mai ɗakina takan ce da ana auna magana da tef, da tuni na auna tata na yanke rabi. 'Ya'yana huɗu, kuma gaskiya ban saba hira da su ba. Na ciyar da su, na kai su makaranta, amma da na shigo falo sai kowa ya tuna yana da aiki a ɗaki.

Autarmu tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shekara shida da suka wuce ta zame a matakala ta karye a ƙafa, ta yi wata uku a kan doguwar kujerar falo. Yayanta ne ya kawo mata injin gem ya haɗa da talabijin don ta rage zaman kaɗaici. A wasan, wata mata ce mai kai saƙonni take yawo da ƙafa a wata ƙasa mai faɗin gaske, ga duwatsu ga koguna ga ƙauyuka, ba mai ce miki bi nan ko bi can. Kuma babu taswira a ciki ko kaɗan, sai dai mutanen ƙauye su kwatanta miki hanya, wasunsu ma kwatancen bai fi na direban da bai san gari ba.

Ni ina gefe da jarida, ina yi kamar ba na kallo. A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na ce mata dutsen nan mai tsaga sau uku ke nan tana wuce shi, zagaye kawai take yi. Ta ce tunda na fi ta sanin hanya, in zo in nuna mata. Na tabbata da gatse ta faɗa. Ni kuwa na tashi na ɗauko fensir da rula da takarda mai gida-gida, na jawo kujera.

Haka muka raba aiki. Ita ke riƙe da abin sarrafawa, ni ina ƙirga takun mai saƙon, ina duba inda ranar cikin wasan take don in gane gabas, ina zanawa. In mun kai mararraba sai ta dube ni, ni zan ce hagu ko dama. Shekara biyu muka yi kafin mu kai ƙarshen labarin, bayan nan ma muka ci gaba da shiga lungunan da ba mu taka ba. Takarda arba'in da shida na zana, na manne su da salatif, in an shimfiɗa sai sun rufe teburin cin abinci. Uwarta ta ce ga tsoho can yana auna gonar da ba mai noma ta.

Malama, a cikin wannan ƙidayar taku na san 'yata. Tafiya tsakanin ƙauyuka tana da nisa, ba abin yi sai tafiyar, sai ta fara magana idonta na kan talabijin. A nan na ji shugabarta a wurin aiki tana takura mata. A nan na ji ashe zane ta so karanta, ta fasa don kada ta ɓata mini rai. Labarin wanda ta aura ma, muna tsakiyar ƙetare wata fadama ta fara ba ni, kafin uwarta ta ji, abin da har yau uwar ba ta yafe mana ba. Bayan ta yi aure, kowace Asabar da yamma sai ta zo da injin a jaka.

Wata huɗu da suka wuce aka fito da kashi na biyu. Zan yi masa adalci, don ban saba tauye awo ba. Ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. In ana ruwan sama a ciki, sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka taɓa dutsen. Mutanen suna magana da murya. An ƙara teku da babban birni a bakinsa, da kwalekwale. Akwai labarin wani tsohon mai fito da 'ya'yansa suka tafi birni suka bar shi, wanda ya taɓa ni har sai da na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Amma an sa taswira a ciki. Maɓalli ɗaya za ta danna ta buɗe, tana cika kanta da kanta, ga wata kibiya ruwan ɗorawa tana nuna inda za a nufa. In ta ga dama ma sai ta taɓa ƙauye a taswirar, kafin ƙiftawar ido ta isa, ba tafiya ba hira. Na zauna da fensirina a fiƙe. Asabar uku a jere, ko sau ɗaya ba ta juyo ta tambaye ni hanya ba. Ita tana ta murna tana nuna mini abubuwa, ni ina zaune kamar wanda ya rako wani asibiti.

Sai na yi abin da na iya. Tsohuwar ƙasar tana nan cikin sabon wasan, don haka na sa ta taka da ƙafa daga rijiyar ƙauyen farko zuwa karyayyiyar gada, ina ƙirgawa a zuci. A taswirata taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne. A sabon, ɗari biyu da casa'in. Na bi sauran wurare, na tarar kogi ya sauya kwana, wani tudu ya matso, fadamar nan ta zama rabinta. Raina ya ɓaci kamar an ture mini dutsen iyaka. Na kwashe mako guda ina rubuta rahoto irin wanda na saba kai wa ofis, shafi goma sha ɗaya, har da jadawali. A ƙarshensa na rubuta cewa an gutsure ƙasar ne aka cika ta da kwalliya don malalatan da ba sa son amfani da kansu. Wallahi waɗanda suka ƙirƙiri wasan nake nufi da masu sayensa na can nesa. Na manta wace ce ke danna maɓallin a falona.

A kan teburin cin abinci na miƙa mata, a gaban mijinta. Ta karanta shafin farko, ta juya na ƙarshe, ta ninke ta sa a jaka, ta yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Da na raka su mota, mijin ya ja ni gefe ya ce mini mako uku wasan ya yi a gidansu ba ta buɗe ba, lokacin ina fama da ciwon baya. Abokan aikinta na ta ba da labarinsa, ita tana tashi ta bar musu ɗakin, wai sai Babanta ya warke za su fara tare.

Yau Asabar biyar ke nan. Tana zuwa, ta gaishe ni da ladabi, ta wuce kicin wurin uwarta. Jakar ba ta zuwa. Ina jiyo dariyarsu daga falo. Kewarta nake yi, Malama, alhali tana cikin gidana. Mai ɗakina ta ce in ba ta haƙuri, na ce ai lissafina daidai ne, ta ce to in zauna da lissafina mu yi hira.

Ki gaya mini tsakani da Allah, na biyun nan ya kai na farko, ko ni ne na tsufa? Kuma ta ina zan fara? Ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba, ban san yadda ake buɗe bakin ba.

Naki,
Tsohon mai awo

*

Baba mai awo,

Na gode da amanar da ka ba ni. Ni ba gwanar gem ba ce, don haka na kai kwatancenka wurin abokan aikina biyu da suka gama wasannin duka, kuma saura kaɗan in raba faɗa. Ɗaya ya ce na biyun ya fi ta kowace fuska: labari ya fi zurfi, ƙasa ta fi cika, ba a ɓata wa mutum lokaci. Ɗayar ta ce a na farko kowace hanya da guminta ta same ta, shi ya sa har yau tana iya kwatanta ta, amma a na biyu ji take kamar an ɗauke ta a mota an zaga da ita gari. Da na matsa musu, sun yarda a kan abu ɗaya: na biyun wasa ne mai kyau ƙwarai, ya ƙara abubuwa da yawa, ya kuma zubar da abu guda, wato ɓata hanya. To a gidanka, wannan abu gudan shi ne kujerarka.

Saboda haka ba tsufa ba ne, kuma ban ƙaryata lissafinka ba. Mai yiwuwa da gangan aka rage nisan. Waɗanda suka buga na farko a da suna da lokaci, yanzu yawancinsu aiki da iyali sun cinye su. Dubi 'yarka. A wancan karon wata uku gare ta a kan kujera. Yanzu tana da aikin asibiti da gidanta, kuma 'yan awannin da suka rage mata a Asabar kai take kawo wa. Gajeriyar hanyar da ta ba ka haushi, ita ce ke ba ta damar nuna maka teku kafin ta tashi tafiya.

Ita ma tana da nata. Da ta lura fensir ya yi Asabar uku bai taɓa takarda ba, da ta tambaya. Kuma janye jaka a yi shiru ba ya gyara komai. Amma ka yi mata uzuri. Kai da bakinka ka ce ba ka saba magana ba. Ta ina za ta san zuciyarka na ciwo, alhali abin da ka miƙa mata jadawali ne? Ta kawo maka abin da ta yi mako uku tana tattali, ka mayar mata da shi da jan biro, da kalmar malalata, a gaban mijinta. Ko ba ita ka nufa ba, a kanta ta sauka.

Ga abin da nake gani. Kada ka jira Asabar. Shekarun nan duka ita ke zuwa wurinka, wannan karon kai ka je gidanta, a tsakiyar mako, bayan ta taso aiki, kai kaɗai. Kada ka riƙe takarda ko ɗaya. Ba da haƙuri ba ya buƙatar gabatarwa: ka ce kalmar nan ba ta dace ba, wurin da ka faɗe ta ma bai dace ba, ta yi haƙuri. Kada ka biyo shi da "amma". Na san bakinka zai yi ƙaiƙayin ambaton gadar nan, ka danne.

Sannan ka ba ta rabin rahoton da ba ka rubuta ba. Mai awo na gaskiya yana rubuta abin da ya ƙaru a fili, ba abin da ya ragu kaɗai ba. Ka faɗa mata ruwan saman ya burge ka. Ka faɗa mata labarin mai fiton ya sa ka ƙwalla, ka kuma faɗi dalili in za ka iya. Daga nan ka faɗi mai wuyar: ka ji ba a buƙatarka, kuma tsoro ka ji kada hirar ta tafi tare da tafiyar ƙafa.

Abokiyar aikina ta ce ana iya kashe kibiyar nan a yi wasan babu ita. Sai da na yi shawara da kaina kafin in gaya maka, don ina tsoron ka ɗauke shi a matsayin maganin matsalar, ka isa gidanta da sabon umarni. Ka bar wannan a hannunta. In ta dawo da jakar, abin da na fi so shi ne ka roƙe ta ta koya maka riƙe abin sarrafawar. Yatsunka za su yi ta kuskure, za ka faɗa kogi, za ta yi maka dariya, kuma ba laifi uba ya zama ɗalibin 'yarsa na 'yan watanni.

Ka kuma shirya wa yiwuwar ta riga ta gama wasan ba tare da kai ba. In haka ne zai yi maka zafi, kuma ba abin da zai dawo da wannan. Ka haɗiye, ka ce ta ba ka labarin yadda ya ƙare, ka saurara har ta kai aya ba tare da ka gyara mata komai ba.

Baba, ni da ba ka taɓa gani ba ka iya ce mini kana kewar 'yarka. Ita kuwa har yanzu abin da ta ji daga gare ka shi ne gada ta matso da taku ɗari da ashirin da biyu. Ita ta fi ni cancantar jin wancan, kuma daga bakinka.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwar ƙwanƙwasa ƙofar, ya sanyaya zuciyarta, ya bar ku tare cikin lafiya.