Kwamfutoci Shida a Cikin Kwali

Daren Laraba, Minanata

Wallahi na gaji. Sati uku ina sauke littattafai daga intanet a wayata, don in zuba wa ɗalibai a kwamfutoci shidan da aka ba laburarenmu. Yau na roƙi shugaban makaranta ya bari in kunna ko guda. Ko kallona bai yi ba.

"Haba Malama Hadiza, gaggawar mi kike? Sai manya sun taho sun yanke ƙyalle."

Damina biyu ke nan muna jiran manyan nan.

Da aka tashi, haushi ya sa na ɗaga kwali ɗaya, sai gindinsa ya zube. Gara ta cinye shi, ta yi gini har cikin na'urar. Ita kam ba ta jira kowa ya yanke mata ƙyalle ba.