Hular Kwanon Wilfried Ta Yi Mini Girma

Anti Mariette,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan tambaya bai yi mini dariya ko ya yi mini kuka ba. Tambayar kamar ta kayan keke ce, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Shekarata hamsin da uku, ina aikin wanki da guga a wani gidan kula da tsofaffi kusa da garin Oudenaarde. Mijina Wilfried ya rasu a watan Nuwamba da ya wuce. Motar kaya ce ta buge shi a wata mahaɗa da safiyar Lahadi, yana kan kekensa, ana yayyafi. Shekara ashirin da shida muna tare, kuma da ƙyar zan tuna Lahadin da bai fita da 'yan ƙungiyarsu ta masu hawan keke ba. Ni kuwa na tsani keken nan. Ya dawo da taɓo har kunne, ya zauna a gareji yana goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, abinci na hucewa a tebur. Duk shekara idan sanyi ya fara ja da baya sai ya ce, "Ki zo sau ɗaya mana, ki ga yadda gari yake daga saman tudu." Ni kuma in ce sai baɗi. Ranar da ya yi fitar ƙarshe ina wanke kwanuka, ya ce sai ya dawo, ban ko juyo ba. Cewa na yi kar ya shigo mini kicin da takalman nan nasa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ke.

'Yan ƙungiyar sun shirya fita ta tunawa da shi Lahadin ƙarshen Afrilu, kilomita saba'in, su ƙare a kan tudun da ya fi so. Shugabansu, wani dattijo mai suna Staf, ya zo gida ya ce in jira su a can da kofi da kek. Sai kawai na ji bakina yana cewa ni ma zan hau. Ya dube ni ya ce, "Ke da kike ce mana tsofaffi masu wandon roba?" Da ya ga ban yi dariya ba sai ya cire hularsa, ya ce ko wane tudu ne za su jira ni.

Keken Wilfried ya lalace a hatsarin. Na sayi na hannu wurin wata mata a garin Ronse da ciwon gwiwa ya sa ta daina. Keken gari nake hawa zuwa aiki tun ina budurwa, amma wannan daban ne: taya siririya kamar yatsa, mutum a duƙe, birki a inda hannu bai saba ba. Abin da ya rage mini Yuro ɗari da hamsin ne, kuma yanzu albashi ɗaya ke riƙe da gidan. Na je shagon kayan keke, mai shagon ya shiga jero mini takalma masu maƙalewa a feda, da na'urar auna tafiya, da tabarau, da riga, da safar hannu, da abubuwan da ko sunansu ban riƙe ba. Kunya ta kama ni, na ce zan dawo, na fito hannu wofi.

Sai na tuna garejin. Kayansa suna nan yadda ya bar su. Akwai wata tsohuwar hular kwanonsa da ya daina sawa shekara goma ko fiye, tun da ya faɗi da ita a titin duwatsu. Ba wadda ya rasu da ita ba, waccan ban karɓo ba. Ta yi mini girma, amma idan na sa hular ulu a ƙasa tana ɗan zama. Na sa ta, na sa rigarsa ta ƙungiya, ina tsaye haka sai ga 'yarmu Lieselot ta shigo, ta kawo mini miya. Anti, ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta ajiye tukunyar a ƙasa ta ce, "Mama, na binne Baba. Idan kina so in binne ki a kan titi ɗaya, ki gaya mini yanzu." Ta fita. Yau kwana goma sha ɗaya ba ta ɗaga wayata, kuma cikinta wata shida ne.

To me zan saya da ɗan abin da ke hannuna, me zan bari? Hular nan za ta yi? Ko dai haukan takaba ne ke damuna, in sayar da keken in je in zuba musu kofi?

Wadda ta ce sai baɗi

*

'Yar'uwa,

Allah ya jiƙan Wilfried, ya ba ku haƙuri ke da Lieselot. Ba hauka ke damun ki ba. Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon tunani.

Hular nan ba za ta yi ba. Hular da aka taɓa faɗuwa da ita ta gama aikinta ko da ido bai ga tsaga ba, wadda kuma take yawo a kai ba ta kare kowa. Ki ajiye ta inda za ki riƙa ganinta. Ki sayi sabuwa daidai kanki, wadda idan kin girgiza kai ba ta motsi. Mai araha da mai tsada duk sai sun cika ƙa'ida ɗaya kafin a sa su a kasuwa, yawanci ƙarin kuɗin na rashin nauyi ne da ado, don haka kada wani ya sa ki jin kunya.

Kafin ki ƙara sayen komai, ki kai keken a duba birki da tayoyi da sarƙa, a kuma daidaita miki tsayin sirdi. Staf ko wani daga cikinsu zai yi miki wannan da hannu biyu, kuma ina jin suna neman abin da za su yi miki sun rasa. Idan aka ce taya ta tsufa, ki canza ta ko da za ki fasa wani abu. Bayan haka sai fitila, fara a gaba ja a baya, ki kunna su ko da rana tsaka. Sai ƙararrawa. Sai gajeren wando mai soso, na mata, daidai jikinki. Na san kin yi shekaru kina yi masa dariya, amma bayan awa biyu a kan sirdin nan za ki nemi gafarar tsofaffin. Idan da saura, safar hannu.

Sauran ki koma gareji. Famfo, da robar ɓamɓare taya, da 'yan sifanoni, da gorar ruwa, duk mai keke yana da su fiye da buƙata. Tiyub kawai za ki saya sabo idan nasa sun bushe, kuma ki koyi canza shi a gida kafin faci ya same ki a hanya. Rigarsa ma ki sa abinki, girman riga ba ya kashe mutum. Takalma masu maƙalewa kuwa ki bar su. Wanda bai saba ba yakan manta ƙafarsa a ɗaure take daidai lokacin da zai tsaya a mahaɗa. Feda ta yau da kullum da takalmin motsa jiki sun ishe ki. Na'ura da tabarau ba inda za su, suna nan a shago. Kuɗinki zai kai.

Kilomita saba'in cikin ayari ya yi wa sabon shiga yawa. Ki fara a hanyar keke ta bakin kogi inda babu mota, sau biyu ko uku a mako, har hannunki ya san birki ba sai kin duba ba. Ranar kuma ki tare su a kilomita ashirin na ƙarshe. Idan tudun ya fi ƙarfinki ki sauka ki tura, ba wanda zai rage miki komai.

Yanzu Lieselot. Kina da gaskiya, rayuwarki ce, kuma ba a hana babba yin makokinsa yadda zuciyarsa ta nuna masa. Amma ita ma tana da tata gaskiyar. Ta buɗe ƙofa ta ga kamar mahaifinta a tsaye, ga ciki, ba wanda ya shirya ta. Ba ki gaya mata ba, gani ta yi. Kada ki ƙara kiran waya, ki je gidanta. Ki fara da ba ta haƙuri a kan yadda ta sani, ba a kan abin da kike son yi ba. Ki gaya mata maganar kicin ɗin nan da kika gaya mini, don ita ta fi ni cancantar ji. Sannan ki faɗa mata hanyar da za ki bi, da waɗanda za su sa ki a tsakiya, ki roƙe ta ta raka ki shago ta ɗaure miki igiyar hular da hannunta. Mai yiwuwa ta ƙi. Idan ta ce ba za ta iya ɗauka ba sai ta sauka lafiya, ki saurare ta da kyau. Ana hawa tudu a watan Satumba ma, kuma Staf ya riga ya ce za su jira.

Abu ɗaya nake so ki tambayi kanki. Idan don ki hukunta kanki ne za ki hau, kada ki hau, domin mai hukunta kansa ba ya lura da hanya. Matar da ta yi shekara ashirin da shida tana jiran mutum da abinci ba a auna ta da maganar safiya ɗaya, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Ki hau don kina son ki gani, ki kuma dawo gida, akwai jika a hanya da zai buƙaci wanda zai ba shi labarin kakansa.

Allah ya sauki Lieselot lafiya, ya tsare miki hanya.

Mariette