Ƙofar da Baba Ya Fere

Gidan Baba, bakin teku, Niigata
18 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Noboru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Yoshie da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Da safen nan na kunna turare a gaban hoton Inna, na roƙa muku lafiya da nisan kwana can Burazil. Mu ma jiki lafiya, hankali ne dai ba a kwance ba. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyu na yayyaga, ka yi haƙuri da rubutun.

Ka tuna alkawarin da Baba ya yi mana ranar da muka kai tokar gawar Inna makwancinta? Ya ce ran da ya kasa hawa rufin gidan nan ya sauke dusar ƙanƙara da hannunsa, ranar zai tattara ya bi ni birni, kafin nan kuwa kada wanda ya ƙara ɗaga masa maganar. Shekara uku ke nan, yanzu yana da tamanin da biyu, ni kuwa duk hunturu cikin fargaba nake.

Ran Litinin rediyo ya ce iskar Saibiriya ta taso. Na bar aiki na kamo jirgin ƙasa, ashe shi ne na ƙarshe kafin a rufe hanya. Na sauka na tarar teku yana tururi kamar tukunyar miya. Kai da ka shekara ashirin a ƙasar zafi ƙila ka manta: a bushe iskar take tasowa, ta ratso ruwan da ya fi ta ɗumi ta sha tururi ta ƙoshi, ta zo ta ci karo da duwatsun bayan gari, ta rasa hanya, sai ta juye mana komai a ka. Da la'asar aka yi tsawar nan da masunta ke cewa tana tada babban kifin nan da suke kira buri. Maƙwabcinmu Baba Tokuji ya ce kifi kam ya tashi, sai dai ya kama kansa, don jiragen ruwa duk an ɗaure su da igiya bibbiyu. Kwana uku ana zubawa ba hutu. Wuta ta ɗauke, ruwan teku ya tsallake katangar tashar jiragen ruwa, ƙanƙara ta rufe tagogin ƙasa. Da rana tsaka muna cikin duhu gefen murhun kananzir, muna cin shinkafa da busasshen kifi.

Ka san yadda muke gane lokacin hawa rufi ya yi: in nauyi ya danne katakon sama, ƙofofin nan na katako da takarda da ake turawa gefe sai su cije su ƙi zamewa. Ni kuwa bini-bini na tashi na tura ta ɗakin tsakiya, sai ta tafi sumul. Baba yana ta ce mini, "Ke 'yar birni, zauna mana, kin ishe ni da zirga-zirga! Gidan da na gina da hannuna ne zai ji tsoron wannan 'yar ƙurar?" Na yarda fa, Yaya, har daɗi na ji. Ran Alhamis da safe na je ɗebo kananzir, sai ga leda an cusa a bayan duro, cike da ɓawon katako sabo fil, yana ƙamshi. Na taka kujera na leƙa saman ƙofar, fari tas. Ashe tun ƙanƙarar makon jiya ƙofofin suka cije, Baba, tsohon kafintanka, ya ciro su ɗaya bayan ɗaya ya fere, ya kuma ƙara ran Laraba ina wanka.

Kai, raina ya ɓaci ƙwarai. Na zube masa ɓawon a gaba, na ce so yake gidan ya rufto mana? Ya ce shi ƙofarsa ya gyara, ko a birni an hana mutum gyara ƙofa ne? Na ce to ya tashi ya hau, ga tsani can. Bakina ne ya faɗi wannan, kuma har yanzu ina jin kunyarta.

Ya tashi kuwa. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya saɓa shebur. Baba Tokuji ya ratso ƙanƙara ya zo yana masa tsiya, wai a nuna masa inda tsoho zai faɗo ya shimfiɗa katifa. Baba ya ce ya rufe masa baki, yaron da ko tamanin bai kai ba. Na riƙe tsani, ya taka na ɗaya, ya taka na biyu. A na uku ƙafar dama ta ƙi ɗagowa. Ya tsaya a nan. Baba Tokuji ya juya ya kama kallon teku. Can Baba ya sauko, ya kwance igiyar ya ɗaura mini da kansa, ya ce in fara daga baki-baki, in rage hagu in rage dama, kada in sauke gefe ɗaya gidan ya karkace.

Awa biyar muka yi a sama, ni da Baba Tokuji, hannuna duk ya yi bororo. Gidan dai ya tsira. Da na shigo na tarar Baba ya haɗa mini shayi, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Ko dubana bai yi ba ya ce, "Chizuru, wancan gidan naki, matakala nawa ce kafin a kai ƙofa?" Shekara uku ina neman jin wannan magana, ga ta ta zo. Na ce bari in duba tukunya, na shige kicin na yi kukana.

Yanzu rediyo ya ce wata iskar tana tafe ran Lahadi, jirgin ƙasa kuma gobe kaɗai zai yi aiki. Baba ya fito da jakarsa ya ajiye a buɗe, bai sa komai ba, ni kuma na kasa cewa ya sa. Na san kafin takardar nan ta iso ka komai ya riga ya faru, amma in ban faɗa wa wani ba kaina zai fashe. In ka buga masa waya, don Allah kada ka ce masa ya kyauta.

Ka gaishe mini da Yaya Yoshie, da Emi da Takeru. Baba Tokuji yana gaishe ka, ya ce ka ji kunya, ka gudu ka bar ƙanwarka da shebur. Baba yana kirana, har yanzu amsar tambayarsa yake jira. Ba ka taɓa zuwa gidan nawa ba, Yaya. A hawa na uku yake, matakala talatin da shida, kuma babu lif.

Taka ƙanwa,
Chizuru