Rasuwar Arkadi Zubarev, da Roƙon A Kama Baki Har Ɗansa Ya Sauka

Cikin alhini, da fargabar da muka kasa ɓoyewa, Ƙungiyar Iyalan Masu Sintirin Teku ta Gabas Mai Nisa ke sanar da rasuwar dattijonta, Laftanar-Kanar Arkadi Timofeyevich Zubarev mai ritaya, wanda Allah Ya yi wa cikawa da safiyar Litinin, yana da shekara saba'in da huɗu.

Marigayin ya shafe shekara ashirin da shida yana injiniya a cikin manyan jiragen sama masu farfela, waɗanda aka ƙera da ƙirar jiragen jefa bama-bamai, aka cika cikinsu da na'urorin sauraron jiragen yaƙi masu nutso. Awa goma sha biyar sukan yi bisa ruwa mai tsananin sanyi, wanda ko gwanin ninƙaya ya faɗa ba ya minti goma da rai. Ƙarar injin ta cinye masa kunne, har gaisuwarsa ta zama tsawa, amma duk wanda ya tashi da shi, ya dawo da shi gida. Shi ne kuma ya kafa mana ƙa'idar da yakan maimaita yana dukan tebur: "Wanda zai hau sama, kada a ba shi baƙin labari. A bari ƙafarsa ta taɓa ƙasa."

Yau ƙa'idar ta faɗo a gidansa. Ɗansa tilo, Manjo Gleb Arkadyevich, yana can wani filin jiragen sama na arewa, kuma ranar Alhamis zai tuƙo jirgin da ya girme shi, da mutum goma a bayansa, ya ƙetaro teku. Bai sani ba. Don haka muna roƙon jama'a, musamman masu gaggawar riga kowa ta'aziyya a waya, da su riƙe hannunsu. Wannan takarda a bangon coci da kanti kaɗai za a liƙa ta. Malamin coci ya amince a ɗaga jana'iza zuwa Juma'a.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya ba uwargidansa, Raisa Fyodorovna, juriya ninki biyu, domin Gleb yakan kira gida kullum da yamma, kuma ita za ta ɗauka. Jiya ta ce masa babansa yana barci. Saura kira biyu.

Lidiya Semyonovna Kurochkina,
Kakakin Ƙungiya