Filin da Sama'ila Ke Bari

Bodinga, 3 ga Yuli

Zuwa ga Baffa Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Laraba. Ni ce Bahijja, ɗiyar ƙaninka marigayi Sama'ila. Na san za ka yi mamaki, rabona da kai tun zaman makokin Baba.

Baffa, taimako nake nema. Wata ƙungiya mai kula da masu juna biyu ta ɗauke ni aiki na gwaji. Ni ke tsara abin da mata ke gani a fuskar wayarsu: ranar komawa awo, sunan magani, lokacin sha. Makon jiya wata Rashida ta zo daga Danchadi a kan babur da cikin wata takwas, ashe ba ranarta ba ce. Kwanan wata har guda uku ne a fuskar wayar, ta ɗauki wanda ba shi ba. Da ta gane, sai ta ce, "Ba komai, laifina ne, karatuna bai yi nisa ba." Wallahi na ji kunya. An ba ni mako biyu in gyara, ko a nemi wani.

Mama ta ce kai da Baba kuka rubuta allunan rabin shagunan kasuwar nan. Ga hoton aikin na buga a takarda. Don Allah ka duba.

Ɗiyarka, Bahijja

Shagari, 6 ga Yuli

Ɗiyata Bahijja,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, Allah shi yi miki albarka.

Na duba. Kin san mi na gani? Kasuwa ranar cinta, kowa na kiran hajarsa. Haruffa iri biyar na ƙirga, duk tsawonsu ɗaya. Ina matar nan za ta aje ido?

Lokacin da munka buɗe rumfa kusa da tasha, wani tela Ɗanbaba ya kawo allo. Mahaifinki ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ya zana almakashi, ya aje buroshi. Rabin allon fari tas. Na ce, "Sama'ila, ka ƙare?" Ya ce, "Yaya, tsallaka titi ka duba." Na tsallaka, sunan kamar a tafin hannuna. Har yau in na ji warin fenti da kananzir, sai in gan shi tsugunne, fensir a bayan kunne, yana awo da ɗan yatsa.

Ki zaɓi abu guda da ya fi komai, ranar komawa kenan. Ki yi ta babba, ki bar mata fili sama da ƙasa. Sauran su ƙanƙance su koma ƙasa. Harafi iri ɗaya ya isa, mai kauri da siriri. In kin ƙare, ki jingine wayar a bango, ki ja da baya taki biyar. Abin da kika fara gani, shi za ta gani.

A gaida mutanen gida.

Baffanki, Mijinyawa

Bodinga, 14 ga Yuli

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi yadda ka ce, amma cirewa ta fi ƙarawa wuya! Sai in ga kamar ban yi aikin komai ba. Shugabana ma da ya gani cewa ya yi, "Ina sauran?" Na roƙe shi mu gwada tukuna.

Ranar awo na nuna wa mata goma sha ɗaya. Goma suka faɗi ranar nan take. Rashida ta karɓi wayar, ta miƙa hannu nesa, ta ce, "Ashirin da biyu. To, da ma can haka za ku yi mana!" Har ungozoma ta yi dariya.

Baffa, ka gafarce ni da tambaya. Yadda kake zancen Baba, me ya raba ku? Ranar makoki a zaure ka tsaya, ba ka shiga ka gaida Mama ba. Na tambaye ta, ta ce ba ita za ta faɗa ba.

Ɗiyarka, Bahijja

Shagari, 19 ga Yuli

Bahijja,

Na gode Allah da aikinki ya yi kyau. Tambayarki kuwa, kwana uku ina juya ta.

Wata makaranta a Sifawa ta ba mu babban allo, aikin da ba mu taɓa samun irinsa ba. Sama'ila ya tsara, ya tafi gona. Na ga fili da yawa, na ji tsoron a ce mun yi ha'inci, sai na cika shi da furanni da adireshi da sunan rumfarmu. Da anka kafa, shugaban makarantar ya ce a cire, ba ya karantuwa. A gaban mutane na ce ƙanena ya ɓata. Yana tsaye. Sai ya je ya ɗauko tsani ya sauke allon.

Da ya zage ni, da mun shirya. Amma washegari ya gaishe ni kamar kullum, ni kuwa na kasa kallon idonsa. Bayan wata biyu na kwashe kayana na taho Shagari. Shekara ashirin da huɗu ina cewa gobe zan je in ba shi haƙuri, ga Bodinga nan ba nisa.

Duk abin da na koya miki nasa ne. Ki karanta wa mahaifiyarki wannan takarda, in ta yarda ta saurara.

Baffanki, Mijinyawa

Bodinga, 22 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Sun bar ni a aikin, alhamdulillahi.

Na karanta wa Mama. Ta yi ta gyara ɗankwali. Can ta ce in tambaye ka: ranar Juma'a, kafin masallaci za ku iso kai da Inna Laraba, ko bayan an sauko? Tana so ta san lokacin ɗora tukunya.

Ɗiyarka, Bahijja